Hattara da masu tallan huda magudanar ruwa a ƙarƙashin gona

Manoman rani, musamman masu shirin alkama, a yi hattara. Akwai wasu da ke yawo a zaurukan WhatsApp na manoma da bidiyon tarakta tana jan wani ƙarfe a gonakin Ingila. Wai sun shigo da irinsa, za su huda maka hanyar ruwa a ƙarƙashin gona, su kuma shuka maka alkama ba kaftu ba huɗa. Sharaɗinsu ɗaya: tura rabin kuɗi yau, layi ya yi tsawo.

Aikin da ke cikin bidiyon gaskiya ne, Turawa sun daɗe suna yinsa a gonakinsu masu laka. Ƙarfe ne mai doguwar ƙafa, a ƙarshenta akwai dunƙule mai tsini wanda kaurinsa ya kai wajen santimita 7, bayansa kuma wani da ya ɗan fi shi kauri rataye da sarƙa, yana shafe bangon ramin. Yana ratsawa a zurfin santimita 45 zuwa 60, ya bar dogon rami kamar na gafiya, layi-layi, tazarar mita 2 zuwa 3. Ba a saka bututu. Lakar ce da kanta take riƙe ramin.

To a nan ƙaryarsu take fitowa, don cewa suke kowace gona ta yi. Ƙasar jigawa mai yashi ba ta riƙe rami, ban-ruwan farko zai rufta. Ko a yumɓu ma sai an dace da lokaci: can ƙasa da danshin da za ka iya murza lakar ta yi igiya ba ta karye ba, sama kuma a bushe don ta tsattsage ruwa ya samu hanyar gangarawa. Sannan ruwan ina zai fita? In babu lambatun da ya fi ramin zurfi, ka tara wa saiwa ruwa ne kawai. Suna kuma rantsuwa wai aikin har abada ne, alhali masu abin ma bayan 'yan shekaru suke sakewa. Mai shuka shinkafa da damina a fili ɗaya, irin na Kadawa da Kura a jihar Kano, ya ma tambayi kansa ko yana son gonarsa ta daina riƙe ruwa.

Asarar kuɗin da sauƙi a kan ta lokaci. Alkamarmu daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta, don ta yi ido cikin sanyin hunturu. Su kuwa yau tarakta ta lalace, gobe direba ya yi tafiya. In ka matsa, su ce ai a Ingila ma jinkirta shuka ake yi. E, wasu manoman can na jinkirtawa zuwa Oktoba, amma don su kashe ciyawar da ta tsiro tukuna, kuma su babu zafin Maris da ke jiransu. Taka alkamar in ta makara, ƙwayar motsewa take yi.

Wasunsu sukan zo ɗin, amma da ƙarfen fasa ƙasa zalla, babu dunƙule babu sarƙa. Don haka kada sisi ya fita sai injin ya shigo gonarka. A ja layi ɗaya, ka ɗauki shebur ka tona, ka zura hannu ka ji ramin a zagaye, bangonsa sumul. In da hali malamin gona na yankinku ya tsaya a wajen. Wanda aka riga aka karɓe wa kuɗi kuma ya adana rasit da lambar asusun ya kai rahoto, amma kada ya zauna jiransu, ya gyara gonarsa yadda ya saba ya shuka.