Wata Shida da Agogon Jan Faifai: Sharhin Mai Fama da ADHD

Na yi odar agogon nan mai ƙirga mintunan da suka rage ne daren da na ƙona tukunyar wake karo na biyu cikin sati ɗaya. Na ɗora ta bayan La'asar, na ce bari in shiga ɗaki in duba littattafan ɗalibaina guda biyu kafin ta tafaso. Ban farga ba sai da hayaƙi ya cika falo, maƙwabciyata na bubbuga ƙofa tana cewa, "Malama, lafiya kuwa? Wani abu fa na ƙonewa!" A raina minti goma na yi. Da na dubi agogon bango, awa ɗaya da kwata ce ta wuce. Na zauna a bakin ƙofar kicin na yi kuka, ba don waken ba, sai don jaririna yana barci a ɗakin da ke jikin kicin ɗin.

Wata uku kafin wannan rana likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar mini ina da ADHD, wato matsalar rashin iya tattara hankali wuri ɗaya, wadda a wasu take haɗuwa da yawan motsi da gaggawar aikata abu kafin tunani. Shekarata 31, ina koyar da 'yan aji huɗu a firamare, ina kuma karatun digiri na ƙarshen mako. Tun ina ƙarama kalma ɗaya ce ke bina: "Tana da ƙwaƙwalwa, amma ba ta mai da hankali." A gida kuwa sunana mai mantuwa. Ban taɓa zama mai ƙiriniya ba, shiru-shiru ce ni, ina zaune a aji hankalina yana can wajen taga, shi ya sa babu wanda ya kawo komai a ransa. Likitan ya ce haka ake yawan tsallake 'yan mata, domin yaron da ke hawa benci shi ake gani, wadda ta yi tagumi kuwa ana ɗaukarta mai natsuwa.

Bai yanke hukunci a zama ɗaya ba. Ya fara da tambayoyi shida na gwajin farko da aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, sannan ya ce in dawo da wanda ya san ƙuruciyata, domin ƙa'idar da likitoci ke bi tun 2013 ita ce sai alamomin sun bayyana kafin shekara 12, a wurare biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma ga babba sai an samu aƙalla alamomi biyar cikin tara na rukuni ɗaya, wato na rashin tattara hankali ko na yawan motsi da gaggawa. Umma na kai. Da ya tambaye ta ko ina yawan ɓatar da kaya, ta ce, "Likita, wannan yarinyar aikenta kasuwa sai da addu'a. Ta taɓa dawowa da canji babu cefanen." A hanyar komawa gida ta yi shiru mai tsawo, can ta ce, "Ashe ba da gangan kike yi ba." Har yau ina jin wannan maganar a ƙirjina.

Akwai magani, an fi sanin methylphenidate, kuma yana cikin magungunan da doka ta tsaurara, ba a bayar da shi sai da takardar likita. Ina shayarwa a lokacin, don haka muka yi shawara da likita a jinkirta, a fara da dabarun tsara rayuwa. A nan ne ya yi mini bayanin abin da masanin nan na Amurka, Russell Barkley, ya daɗe yana faɗa: mai ADHD yana fama da wani abu kamar makantar lokaci. Ya san ƙarfe nawa ne idan ya duba, amma ba ya jin wucewar lokacin a jikinsa yadda sauran mutane ke ji. Shawarar Barkley ita ce a fitar da lokacin daga cikin kai, a ajiye shi a gaban ido, a daidai wurin da ake aikin. Na ji bayanin, na gyaɗa kai, ban yi komai a kai ba sai da waken ya ƙone.

Agogon kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Girmansa kamar tafin hannu, na roba, fuskarsa fara da lambobi daga 0 zuwa 60. Akwai ɗan maɓalli a tsakiya, idan kin murɗa shi zuwa 25 sai wani jan faifai ya fito ya rufe wannan yanki. Daga nan jan zai riƙa raguwa a hankali, babu ƙarar tik-tik, har ya ɓace, sai ƙararrawa ta yi ƙara. Ƙaramin batir ɗaya yake ci, irin na rimot. Wata uwa ce a Amurka, Jan Rogers, ta fara ƙera irinsa saboda 'yarta ƙarama da ke yawan tambayar saura minti nawa, kamfaninta kuma shi ne Time Timer. Nawa dai ba nasu ba ne, kwaikwayo ne marar suna da na samu a wani kantin intanet, kuɗinsa bai kai na turmin atamfa ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda jikina ya amsa wa jan nan. Lamba ba ta yi mini magana. Idan waya ta nuna saura minti 12, na karanta ne kawai, kamar na karanta lambar mota. Amma in ɗago kai in ga jan da ya kai rabin fuska ya koma kamar yankan kankana siriri, sai in ji wani abu ya motsa a cikina, hannuna ya ƙara sauri ba tare da na ba shi umarni ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma kimar nan ce na rasa tun ina yarinya. A da ƙararrawar waya nake sawa. Sai in ɗauki wayar don in saita minti 20, in ga saƙo ya shigo a rukunin 'yan uwa, in buɗe, in amsa, in kalli bidiyon bikin da aka turo, in ajiye wayar ban saita komai ba. Agogon nan abu ɗaya ya iya, kuma wannan ne babban amfaninsa gare ni.

A karatu na haɗa shi da dabarar Pomodoro, wadda wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da ita yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980. Sunan yana nufin tumatir a harshensu, domin agogon girki mai siffar tumatir ya yi amfani da shi. Tsarinsa aiki minti 25, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Ni dai 25 ta yi mini yawa a farko, musamman a kwas ɗin da ba na so. Littafin ƙididdiga ya yi sati uku a kan durowa ina wuce shi ina jin nauyi a zuciya. Ranar da na buɗe shi, minti 10 na murɗa, na ce wa kaina da jan ya ƙare na tashi, babu laifi. Da ya ƙare ina tsakiyar lissafi, na sake murɗa 10, na sake. Na gano cewa ba karatun ne ke gagarata ba, shigarsa ce. Idan na ga ƙarshen abu da idona, ina iya sa ƙafa. Yanzu bayan Isha, idan yara sun yi barci, zagaye uku na minti 20 nake yi, kuma a zangon da ya wuce na miƙa aikin gida biyu kafin ranar rufewa, abin da ban taɓa yi ba tun ina sakandare.

Da safe ma ya canza gidan. Makaranta ƙarfe 7:30 ake rufe ƙofa, ni kuwa kullum a guje nake isa, gyale a hannu. Yanzu da na idar da Asuba na gama azkar, sai in murɗa 40 in ajiye shi a kan firij inda ake hango shi daga tsakar gida. Babbar 'yata mai shekara shida ita ce mai gadinsa. Za ki ji ta tana cewa, "Mama, ja ya kusa ƙarewa, ba ki sa takalmi ba!" Maigida da farko kallonsa yake kamar kayan wasan yara. Bayan sati biyu da ya ga mun daina fita da faɗa, shi da kansa ya sayo batir guda huɗu ya ajiye a durowa.

To, ga inda ya gaza, kuma ina so duk mai shirin saye ta karanta nan da kyau.

A wata na uku ya daina aiki a kaina. Agogon lafiyarsa ƙalau, idona ne ya saba da shi har ya zama kamar kalandar bango. Sai in murɗa, in manta da shi, ƙararrawa ta yi ƙara, in miƙa hannu in kashe ban ma san na kashe ba. Wannan ya fi faruwa idan na nutse cikin abin da nake so, domin mai ADHD ba kullum hankalinsa ke warwatse ba, wani lokacin yana maƙalewa ne a abu ɗaya har ya manta da ci da sha. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka wannan ma ya bi sahun diyari huɗu da na saya na cika shafi biyar-biyar na watsar. Da na koma asibiti na faɗa wa likita, ya ce, "Malama, wannan ba faɗuwa ba ce, haka ƙwaƙwalwar take da sabon abu. Ki canza masa wuri." Na mayar da shi nesa da hannuna, can kan taga, yadda sai na miƙe tsaye kafin in kashe shi. Miƙewar nan ita ke tsinke igiyar. Duk bayan sati biyu ina sake masa mazauni, wani lokacin har in ɓoye shi kwana uku.

Na biyu, ba ya gaya miki abin da za ki yi. Akwai ranar da na murɗa 30 na zauna ina kallon jan yana raguwa, ayyuka bakwai na yawo a kaina, ban taɓa ko ɗaya ba. Tun daga ranar nake yanka kwali ƙanana, in rubuta aiki ɗaya tak, in jingina a jikinsa. Ba "karatu" nake rubutawa ba, "shafi 41 zuwa 44" nake rubutawa. Idan babu kwalin nan, agogon ado ne.

Sauran matsalolin na ƙirar ne. Ƙarar ba ta da ƙarfi, idan janareton maƙwabta na aiki ba na jin ta daga ɗaki. Idan batir ya yi sanyi ba ya nuna alama, sai dai ya riƙa jan ƙafa, na taɓa sa minti 30 ya kai kusan 40. Da hunturu ƙura ta shiga ta bayan gilashin, faifan ya riƙa maƙalewa a wajen 15 sai na ɗan buga shi. Kuma iyakarsa awa ɗaya, don haka bai san zancen ranar biyan kuɗin makaranta ko ranar komawa asibiti ba. Waɗannan har yanzu suna kan babbar takardar da na manna a ƙofar ɗaki, kuma har yanzu wasu na kuɓuce mini.

Na kai shi aji sau da yawa. Akwai wani yaro a layin baya da ba ya iya zama minti biyar, kullum shi ne a durƙushe a gaban allo. Ba ni da hurumin cewa yana da abin da nake da shi, wannan aikin likita ne, kuma rashin barci ko yunwa ko matsalar ji duk suna iya sa yaro haka. Na dai ajiye agogon a kan bencinsa, na murɗa 8, na ce idan jan ya ƙare ya tashi ya goge mini allo. Ya rubuta layi shida, ya fi abin da ya rubuta a satin gaba ɗaya. Na kira mahaifiyarsa na ba ta shawara su ga likita, na kuma gaya mata ni ma na je. Sai da ta ji haka ta saki fuska, domin a wurinmu da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa, Dawanau ko Barnawa ko Kware, tunanin mutane hauka ne. Alhali a sashen da nake zuwa, masu jira a benci ɗaya da ni ɗalibai ne da ma'aikata da iyaye mata masu goyo.

Wa zan ce ya saya? Wanda matsalarsa fara aiki ce, ko tashi daga aiki, ko girki, ko shirin fita da safe. Ki nemi mai maɓallin ƙara ƙarfin ƙararrawa, mai murfin gilashi da ya rufe sosai, ki kuma canza batir duk wata biyu ko da bai nuna gajiya ba. Wanda kuwa bai ga likita ba tukuna, yana dai zargin kansa saboda bidiyon da ya gani a intanet, ya fara da asibiti, kuma don Allah kada ya karɓi ƙwayar wani ya sha. Damuwa mai tsanani, ciwon maƙoƙo da ƙarancin jini duk suna iya kawo mantuwa da rashin natsuwa, ni ma sai da aka ɗebi jinina kafin a ce komai.

Wata mai zuwa zan yaye yaron, mu zauna da likita a kan zancen magani. Agogon kuwa na riga na yi odar na biyu, domin na gaji da ɗaukarsa daga kicin zuwa teburin karatu, kuma sau biyu ina baro shi a aji ranar Juma'a.