Wilin inci 17 da na ɗaura wa EOD ɗina, kyau kam akwai amma sun ja min asara

Gaskiya ranar da aka ɗaura su daɗi ya kama ni sosai. Wili huɗu ne inci 17 'yan Kwatano, baƙaƙe da ratsin silba, na sayo a wani shago a Kofar Ruwa, na cire na ainihi inci 16 da Honda EOD ɗina ta 2004 ta zo da su, dama ɗaya ya lanƙwashe tun damina da na faɗa rami, kullum sai an ƙara masa iska. Ƙafafun suka fito suka cika motar, a masallacin unguwa ma sai da mutum biyu suka tambaye ni inda na samo.

Mai shagon abu ɗaya kawai ya duba, ramukan noti, wato yawansu da faɗin da'irar da suke kai a milimita. Ya ƙirga biyar ya ce "Alhaji 114 ne, daidai da Honda, Camry ma tana ɗauka, a ɗaura kawai ka tafi." Yaronsa ya ɗaure, aka murza sitiyari hagu da dama a tsaye ba inda ya taɓa, na biya na tafi. Sati biyu ina yawo cikin gari lafiya lau, sai dai in na kai gudun 100 sitiyari ya ɗan riƙa rawa, na ɗauka balansin ne.

Sai ranar bikin 'yar yayata a Zariya. Mu biyar ne, Hajiyarmu a gaba, maman yara da ƙannena mata biyu a baya, but kuma cike da kayan gara, buhun shinkafa da jarkar mai da su fulawa. Ko Kura ba mu kai ba na fara jin ƙurrr daga baya duk lokacin da motar ta ɗan nutsa, tun ina cewa ko leda ce ta maƙale har warin roba ya fara shigowa ciki, Hajiya ta riƙe ƙofa tana salati ta ce "Kai ɗan nan tsaya, ni ba zan ƙarasa a haka ba." Na lallaɓa zuwa Kwanar Ɗangora na tsaya gun wani mai faci. Wallahi da na durƙusa na ga tayoyin baya jikina sai da ya yi sanyi, bakin fenda ya yanki gefen taya ya zagaye ta kamar an bi da wuƙa, garin roba baƙi ya manne a jikin fenti, ka taɓa wurin zafi rau. Taya sabuwa fa, sati biyu! Dole na sauke buhun na saka ƙannena a motar haya da shi, mu kuma muka riƙa tafiya a hankali, ɗaurin aure ƙarfe 11 ne, mun isa an shafa fatiha an watse. Yayata har yau ba ta gama hucewa ba.

Da na dawo makanikina ya kife wilin ya goge bayansa ya nuna min rubutu, 7.5J (faɗin wilin kenan a inci) da ET35. Ya ɗauko tsohon nawa, 6.5J da ET55. Ya ce wannan ET ɗin shi ne ofset, tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da take zama a jikin mota, da milimita ake auna shi, kuma in lambar ta ragu wilin waje yake fitowa. Ka ga milimita 20 kenan, ga faɗin da ya ƙaru da inci ɗaya rabinsa ya faɗo waje, kusan 13, jimla bakin wilin ya turo waje sama da santimita 3, sannan taya mai faɗin milimita 225 aka sa min maimakon 205. In babu kaya a motar ba za ka gane ba, da an yi lodi shokozoba ta kwanta shi kenan fenda ta hau taya. Ya ce ko ba ta goga ba boris ɗin ƙafa ne zai riƙa shan wahala.

A nan na so in yi wa mai shagon uzuri, don su kansu wilin ba su da laifi, ba tsagewa ba walda, kuma ni na nuna su da hannuna na ce su nake so. Amma sai makanikin ya ƙara nuna min abu biyu da suka sa raina ya sake ɓaci. Ramin tsakiyar wilin milimita 73.1 ne, na Honda 64.1, akwai zobe da ake sawa ya cike tazarar, ba a sa ba, rawar sitiyarin kenan. Sannan tsofaffin notina aka mayar, alhali notin Honda gindinsa zagayayye ne, wannan wilin kuma mai tsini yake so, wato ba su zauna daidai ba, biyu a ƙafar gaba har sun fara saki. Da mahaifiyata a cikin motar fa, a kan titin Zariya.

Na koma shagon da wili ɗaya a hannu, na tambaye shi ET, sai ya kalle ni ya ce shekara nawa yana sana'ar nan ba wanda ya taɓa kawo masa wannan maganar, wai in kai wa fanabita ya naɗe min bakin fenda. In canji nake so kuma sai na yi ciko, tayoyin da suka yanke ba ruwansa. Ko haƙuri bai ba ni ba, wannan ya fi min ciwo.

Na kai lanƙwasasshen an buga min shi na mayar da na ainihi, na sayi taya 16 guda biyu tunda tsofaffin na baya na riga na bayar. Sababbin suna nan jingine a gareji, na rufe su da buhu, ina jiran wanda motarsa ke ɗaukar ET35.