Saƙo Daga Landan: Zanen Zamani da Kayan Ɗaki, Na Gaske da Na Kwaikwayo

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Masu tambayar abin da ake yayi a Turai a harkar zane-zane da ƙirar kayan ɗaki, da wanda ya cancanci mutum ya sa kuɗinsa, ga bayani gwargwadon hali.

Kowane birni da ɓangaren da ya fi ƙarfi. A Milan ta Italiya ake baje kolin kayan ɗaki na Salone del Mobile a watan Afrilu, wanda aka fara a 1961, kuma dandalin manyan kamfanoni ne: abin da ka gani samfuri ne, ba a ɗauka a tafi da shi, sai dai a ba da oda a jira makonni. Eindhoven ta Holan, inda ake makon baje kolin ƙira na Dutch Design Week a Oktoba, ta ɗalibai ce da masu gwaji, kuma can ne sabon tunani ke fara ɓulla. Landan kuwa ta fi su kasuwar zane. A Oktoba ake baje kolin zane na Frieze a Regent's Park tun 2003, da 1-54 a Somerset House tun 2013, wadda ta keɓanta ga masu zanen Afirka da 'ya'yanta na ƙetare. Mai son kallo kawai, shiga manyan ɗakunan Tate Modern, gidan adana zanen zamani, kyauta ne.

Abin da ya fi jan ido a shekarun nan shi ne yadda abin yarwa ya zama kayan aiki. El Anatsui, haifaffen Gana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, yana daddaƙe murafun kwalabe ya ɗinke su da wayar jan ƙarfe, kuma a 2023 ya cika babban zauren Tate Modern da irin wannan aiki. Dirk van der Kooij na Holan yana narka robar tsofaffin firji, hannun inji ya riƙa zuba ta layi bisa layi har kujera ta tashi. Fernando Laposse ɗan Meziko yana goge ɓawon masara mai launi ya mayar da shi fallen da ake liƙa wa a tebur da bango. Duk abin burgewa ne, amma mai saye ya yi tambaya. Robar da aka sake narkawa, in an gauraya iri biyu da zafin narkewarsu ya bambanta, ba sa kama juna sosai, kuma daga nan tsagewa ke farawa. Rana ma tana busar da ita ta yi gautsi. Ƙwararru sukan faɗi irin robar da suka yi amfani da ita. Wanda ya kasa faɗa, a bar masa kayansa.

A kujeru ne bambancin na gaske da na kwaikwayo ya fi fitowa. Ɗauki kujerar CH24 da Hans Wegner ya tsara, wadda kamfanin Carl Hansen & Søn na Denmak ke yi tun 1950. Mazauninta saƙar hannu ce da igiyar takarda mai tsawon kusan mita 120, kuma katakon da ya zagayo ya zama majingina da madafar hannu guda ɗaya ne da aka lanƙwasa da tururi. Ta kwaikwayo daga nesa kamar ita, amma juya ta ka duba ƙasa. Za ka tarar da kusoshi masu murɗi inda ya kamata katako ya shiga cikin katako, majinginar gutsattsari ce da aka haɗa da gam, saƙar kuma sako-sako, shi ya sa take lotsawa da wuri. Ta gasken in igiyarta ta tsufa akwai masu sake saƙa ta, ta koma aiki. A ganina wannan hidimar gyaran ita ce rabin abin da ake biya wa kuɗi. Tun 2016 Birtaniya ta tsawaita kariyar irin waɗannan ƙira, muddin sun cancanci a kira su aikin fasaha, zuwa shekara 70 bayan rasuwar mai ƙirar, don haka sayar da kwafinsu a fili ya ragu sosai a nan.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, ƙofar shiga harkar zane ita ce bugu, wato kwafin zane da aka buga a kan takarda, kuma iri biyu suka fi yawa. Akwai bugun raga, inda kowane launi ke da ragarsa, a tura tawada da hannu launi bayan launi. In ka karkata takardar ga haske za ka ga kaurin tawadar ya ɗan taso. Akwai kuma giclée, wanda injin feshin tawada ke fitarwa. Ba aibi ba ne, amma a tambayi abu biyu: tawadar ta garin launi ce ko ta rini, domin ta rini saurin koɗewa gare ta; takardar kuma ta auduga ce marar asid, mai nauyin giram 300 ko kusa da haka a kowace murabba'in mita? A ƙasan bugun za ka ga lamba da fensir, misali 12/50, wato na 12 cikin 50 da aka buga, da sa hannun mai zanen. Harufan AP na nufin kwafin da mai zanen ya keɓe wa kansa. Sa hannun da aka buga tare da hoton, ba da fensir ba, alama ce ta fosta. A karɓi rasit da takardar shaida masu ɗauke da sunan aikin, shekara, girma da adadin bugu.

Inda mutane suka fi yin asara kuwa wajen sa firam ne, kuma a nan hidimar shagon ƙwararru ta yi wa ta babban kanti nisa. Firam ɗin kanti yakan zo da bayan katakon gari da kwali mai asid, bayan 'yan shekaru sai ka ga layin ruwan ƙasa ya zagaye hoton. Ƙwararre ba ya liƙe takarda gaba ɗaya. Yana rataye ta daga sama kawai da 'yan ƙananan falle biyu na takardar Japan da kokon sitacin alkama, domin takarda tana buɗewa tana tsukewa da danshin iska, in an ɗaure ta ta kowane gefe sai ta yi kumburi. Ana iya jiƙa wannan kokon a cire ba tare da ɓarna ba, saɓanin salatif da ke barin tabon da ba ya fita. Dole kuma a bar tazara tsakanin gilashi da takarda, ko da kwalin da ke zagaye hoton ko da siririn tsinke a gefe, in ba haka ba raɓa ta taru, tawada ta manne wa gilashi, fumfuna ta biyo baya. Gilashin adana yana tare kusan kashi 99 na hasken UV mai koɗar da launi, na gama-gari kuwa ko rabi ba ya tarewa. Duk da haka kada a rataye aikin takarda inda rana ke dukansa. Gidajen tarihi kansu ba sa barin ƙarfin haske ya wuce lux 50 (ma'aunin haske) a kan takarda. Abin lura: kayan da aka saya ta intanet a Birtaniya ana iya mayar da su cikin kwana 14, amma ban da wanda aka yi maka a kan awonka, kuma firam na cikinsu. A auna sau biyu kafin a ba da oda.

Wajen aikowa, gilashi abokin gaba ne, in ya fashe shi zai yanka hoton. A sa roba mai gani-har-hanji a madadinsa, sai dai ba a kan zanen gawayi ko na alli ba, don tana jan ƙurar launin. Bugun raga mai kaurin tawada a shimfiɗe ake aika shi tsakanin kwalaye biyu masu tauri; in an naɗe shi a siririn bututu tawadar ta tsattsage. Akwatin katako kuma sai mai hatimin ISPM 15, shaidar an kashe ƙwarin cikin katakon, galibi ta hanyar gasa shi ya kai digiri 56 na minti 30, in babu ana iya tsare shi a tashar jirgi. Masu sayen fitilun ado su duba wutar da aka yi su dominta: na Amurka bolt 120 ne, na Turai 230, kuma in aka jona ta Amurka a wutar 230 ba tare da taransifoma ba, tana iya ƙonewa nan take.