Baba mai sauke kiɗa a takarda na Agege, aikinsa ya yi amma sai mai haƙuri

Gaskiya da farko raina wurin na yi. Ɗan shago ne a bayan layin dogo, fanka ɗaya tana ta ƙara, tsohon kibod, sai tarin takardu masu layi biyar-biyar har kan kujerar baƙi. Abokina mai buga bes, wato jita mai kaurin murya, ne ya tura ni, wai Baban tsohon ɗan badujalar soja ne, Bazazzage, duk kiɗan da ka kunna masa zai rubuta maka shi kaf.

Abin da na kai masa Misirlou ne na Dick Dale, na 1962, irin kiɗan samarin bakin teku na Kalifoniya. Wata uku ina fama da shi a jita, bidiyoyin YouTube kuma duk jitar gaba kawai suke koyarwa kamar ita kaɗai ce a ciki. Baba ya sa abin kunne ya rufe ido, ko minti ɗaya ba a yi ba ya cire ya ce "ɗana, wannan ai ba na Bature ba ne, wannan hawa da saukar ta Larabawa ce". Na yi shiru, don kuwa haka ne, uban Dick Dale ɗan asalin Labanan ne, waƙar ma tsohuwa ce ta yankin gabashin Bahar Rum, kuma wannan karkarwar da yake yi da sauri a kan tsirkiya ɗaya salon masu kaɗa ud ne, wato garayar Larabawa. Shi Baba bai taɓa jin sunan mutumin ba, kunne kawai.

A takardar da ya ba ni akwai kakakin da ke shigowa a tsakiya, akwai fiyano da ke can ƙasa wanda ni ban ma san yana nan ba, ga ganga layinta daban. A gefe da jan biro ya rubuta "nan sauti ya jiƙe", yana nufin amsa-kuwwar nan ta akwatin sautin jita na kamfanin Fender mai sifirin a ciki. Na yi dariya amma kalmar ta zauna daram.

Da na ga haka sai na ƙaro masa aiki, waƙa ɗaya daga faifan Pet Sounds na Beach Boys, 1966. To nan ne aka sha daga. Ya ce bes biyu ne ke tafiya tare, na katako da na lantarki, shi ya sa in ka bi da guda ɗaya sai ka ji abin ya rame, kuma sau da yawa bes ɗin baya sauka kan tushen kod, wato babban sautin cikin sautukan da ake kaɗawa tare, sai ya tsaya gefe ya bar ka a rataye. Har ƙararrawar keke ya kamo ya sa mata layinta, yana ta mita wai wane irin mutum ne zai shigo da keke situdiyo. Na ce masa ai Brian Wilson, wanda ya tsara kiɗan faifan, kusan kunne ɗaya gare shi, na dama baya ji sosai, ya ce "to ɗayan ya biya bashin".

Inda zan yi ƙorafi, lokaci. Ya ce kwana huɗu, sai da na yi zuwa uku daga Idi-Araba cikin go-sulo, sati biyu cur, ranar nan babu wuta, gobe ya tafi suna. Baya ɗaga waya, baya WhatsApp, komai da hannu yake rubutawa kuma bakwai ɗinsa kamar ɗaya take. In ba ka iya karanta nota ba za ka wahala, don da na roƙe shi ya yi mini da lambobin tsirkiya cewa ya yi wannan aikin yara ne.

Kuɗi da sauƙi, na ma ƙara masa na goro. Ka tafi da waƙarka a wayarka da caji, kuma ka yi hoton takardar tun a shagon, tawa ruwan sama ya taɓa shafi na biyu a Oshodi.