Totur ɗin Honeycomb Bravo: na'urar ta yi, shagon da ya riƙe mini kuɗi bai yi ba

Abu biyu ne a nan, kuma masu tambayata suna yawan cakuɗa su. Akwai na'urar da na saya, wato Bravo Throttle Quadrant ta kamfanin Honeycomb, totur ɗin da ake haɗawa da kwamfuta don wasan kwaikwayon tuƙin jirgin sama, sannan akwai shagon da na biya kuɗi tun kafin kaya su iso hannunsa. Na'urar na gamsu da ita har gobe. Shagon kuwa wani mai sayar da kayan kwamfuta ne ta intanet a Ingila. Ba zan kama sunansa ba, amma ba zai sake ganin kwabona ba sai kaya suna cikin sitonsa.

A Zariya na tashi, inda ƙananan jiragen kwalejin horar da matuƙa suke shawagi a kanmu safe da yamma, don haka son jirgi ba jiya ya same ni ba. Da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi ta Microsoft Flight Simulator ta fito ranar 18 ga Agusta 2020, bayan shekara 14 da fitowar wadda ta gabace ta, na san zan shige ta da ƙafa biyu. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Lokacin korona ne, mutane suna kulle a gida da kuɗin da ba su kashe wajen tafiye-tafiye ba, kowa ya waiwayi kwamfutarsa. Kafin ka ce me, sitiyarin jirgi da sandar tuƙi da totur da feda duk sun ɓace daga shaguna, har tsofaffin samfuran Logitech da Thrustmaster waɗanda a da suke kwana a kan kanta. Wanda ya samu biyu sai ya kai ɗaya shafin gwanjo ya ninka farashi, tamkar 'yan bumburutu ranar da gidajen mai suka rufe.

Cikin wannan hali Bravo ta shigo kasuwa a ƙarshen 2020, a kan farashin kusan dala 250. Ƙanina yana karatu a Ingila a lokacin, sai na tura masa kuɗi ya yi mini oda da katin bankinsa. Shagon bai nemi kafin alƙalami ba, kuɗin gaba ɗaya ya zare a take, ya kuma rubuta cewa kaya za su zo cikin Janairu. Janairu ya wuce aka mayar da shi Maris. Maris ya wuce aka goge watan, aka bar kalmar da ke nufin "nan ba da jimawa ba". Haka aka yi ta gafara sa ban ga ƙaho ba har bayan babbar sallah.

Jinkirin kansa ban riƙe shi a zuciya ba, domin duk mai sauraron labarai a 2021 ya san abin da ya faru da sufurin kaya. Irin waɗannan na'urori a Sin ake ƙera yawancinsu, kuma masana'antu suna tsayawa na makonni saboda hutun sabuwar shekararsu, wanda ya faɗo cikin Fabrairu a waccan shekara. Kowace na'ura tana da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki a cikinta, ga shi duniya ta shiga ƙarancin waɗannan ƙwaƙwalen har manyan kamfanonin mota suna dakatar da aiki. Idan masu ƙera mota suna bin layi, ina ga ƙaramin kamfani mai yin totur na wasa? Ranar 23 ga Maris jirgin ruwan Ever Given ya gitta a mashigin Suwez, ya toshe shi kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a bayansa. Ƙarshen Mayu kuma korona ta gurgunta aiki a tashar Yantian da ke Shenzhen, ɗaya daga cikin manyan ƙofofin fitar da kayan lantarki. Kuɗin ɗaukar kwantena mai ƙafa 40 daga Sin zuwa Turai, wanda a da bai wuce dala 2,000 ba, ya haura dala 10,000. Ko kaya sun iso Ingila ma, tashar Felixstowe a cunkushe take, direbobin manyan motoci sun yi ƙaranci. Babu ɗan kasuwar da ke da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da yake da iko a kai shi ne bakinsa, kuma a nan shagon ya gaza. Bai taɓa aiko da saƙo da kansa ba. Duk sauyin wata da aka yi, sai ƙanina ya buɗe shafin ya gani da idonsa. Idan ya aika imel, amsa iri ɗaya ce take dawowa, wadda ka san kwafe ta aka yi. Tambaya ɗaya na so a amsa mini: mutum nawa ne a gabana, kuma guda nawa kuke sa ran samu a kwantenar da ke tafe? Shagon ya san amsar farko tabbas, tunda shi ke riƙe da jerin sunayen. Da ya ce mini ni ne na ɗari huɗu kuma hamsin-hamsin ake ba su, da na san inda na dosa, in jira ko in karɓi kuɗina. Abin da ya fi ɓata mini rai, duk tsawon wannan lokaci maɓallin yin oda a buɗe yake, suna ci gaba da karɓar kuɗin sababbin mutane alhali na farko ba su ga komai ba. Wannan ba laifin Suwez ba ne. Riƙe kuɗin mutane wata da watanni ba tare da bayani ba cin amana ne, ko da daga baya an kawo kayan.

Wata rana ƙanina ya kira ni ya ce, "Yaya, ko dai mu janye ne? Kar shagon ya durƙushe da kuɗinka." Maganarsa tana da tushe, kuma ita ta sa na zauna na karanta yadda kariyar mai saye take a can. A dokar Ingila, wanda ya sayi kaya ta intanet yana da damar fasawa tun kafin a kawo, har zuwa kwana 14 bayan ya karɓa. Wannan yana amfani ne idan shagon yana raye. Idan ya karye fa? Wanda ya biya da katin bashi yana da kariyar sashe na 75 na dokar bashi ta 1974, wadda ta ɗora wa bankin alhaki tare da mai shago a kan kayan da suka haura fam 100. Katin cire kuɗi na yau da kullum, irin wanda muka yi amfani da shi, ba ya cikin wannan sashe. Abin da yake da shi shi ne neman banki ya dawo da kuɗi, kuma galibi wa'adin kwana 120 ne. PayPal tana ba da kwana 180 daga ranar biya. Duba da kyau: odar da aka ce maka wata biyu ta koma wata takwas tana iya fitar da kai daga wa'adin kariya kana zaune kana haƙuri. Duk mai niyyar biyan kuɗi kafin kaya su zo, ya rubuta wannan rana a wani wuri, idan ta matso babu lambar bibiyar kaya ya nemi kuɗinsa. Ni dai na zaɓi in jira, Allah kuma ya sa kwalin ya iso. Ƙanina ya taho mini da shi Kaduna a jakarsa da ya zo hutun Disamba.

To, ita na'urar. Abin da ya sa mutane suka yi mata rububi shi ne hannuwa shida da take da su, waɗanda ake cire kawunansu a sauya. Idan ƙaramin jirgi mai farfela za ka tuƙa, sai ka sa baƙi na totur, shuɗi na farfela, ja na cakuɗin mai da iska, kamar yadda launukan suke a jirgin gaske. Idan Boeing 747 ce, sai ka jera totur huɗu a tsakiya, birkin iska a hagu, hannun sauke filaf (ɓangaren bayan fiffike mai motsi) a dama. Jirgin da na fi tuƙawa shi ne King Air 350i, daga Kaduna zuwa Kano, kuma shi ne ya nuna mini darajar na'urar. Inji biyu ne, kowane da hannuwa uku, shidan duk suna aiki. Ranar da na fara gwada kashe inji ɗaya a sama, na ja hannun farfelarsa baya da yatsuna ba tare da neman maɓalli a allon rubutu ba, a ranar na gane bambancin wasa da atisaye. Tafiyar hannuwan doguwa ce, suna da nauyi daidai, akwai kuma abin murɗawa a gefe da ake ƙara musu tauri ko a sassauta.

A saman hannuwan akwai allon matuƙi mai sarrafa kansa, da maɓallai masu haske da abin murɗawa biyu: ɗaya ka zaɓi abin da za ka sauya, ko tsawo ko alkibla ko gudu, ɗayan ka ƙara ko ka rage. Akwai sandar sauke ƙafafun jirgi da fitilu uku, suna zama ja yayin da ƙafafun ke motsi, su koma kore idan sun kafu. Ga fitilun gargaɗi 14, ga makunnai bakwai da za ka ba kowane aikin da kake so. Tayar daidaita hancin jirgi da ke hagu ita ce na fi taɓawa a kowace tafiya. Mai saye ya sani cewa kwamfuta tana karanta ta ne a matsayin danne-danne, ba juyi mai ɗorewa ba. Haka ma mayar da ƙarfin inji baya wajen sauka, kunnawa ne ko kashewa, babu rabi. Haka aka tsara ta, kuma a farashinta ban ga abin ƙorafi ba. Fitilun ba za su yi aiki ba sai ka sauke 'yar manhajar kamfanin ka girka, sannan kowane irin jirgi yana son nasa saitin, don haka ka ware yamma guda don wannan aikin. Kawunan totur irin na Airbus daban ake sayar da su.

Tana da girma, kada hoto ya ruɗe ka. Ana ɗaure ta da maƙalai biyu a bakin tebur, ko a manna farantinta idan teburin ya yi kauri. Ta kebul na USB take shan wuta, ba ta da nata caja, don haka duk abin da ke riƙe kwamfutarka idan an ɗauke wuta zai riƙe ta. Ƙurar hunturu ce abokiyar gabarta a wajenmu, saboda ramukan da hannuwan ke gudu a ciki a buɗe suke. Ni kyalle nake rufa mata duk lokacin da na tashi.

Yanzu feda nake nema, kuma hanyar ruwa ba ta gama daidaita ba. Tun ƙarshen 2023 hare-hare a Bahar Maliya suka sa jirage da yawa zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, abin da ke ƙara kwana goma ko fiye a kan tafiya. Wani shago da na tuntuɓa ya gaya mini adadin da ya yi oda, da makon da jirgin zai tashi, ya kuma ce ba zai cire kuɗi ba sai ranar da zai aiko da kaya. Farashinsa ya ɗara na wasu da 'yan famfamai. A wurinsa na sa sunana.