Motar kallon Pillars daga ƙauye zuwa Ƙofar Mata: alfanunta da inda take gazawa

A garuruwan da ke kan hanyar Wudil zuwa Gaya, da ma wasu na ɓangaren Ringim da Dutse, akwai wata hidima da ta zauna da gindinta a lokacin kakar wasa. Mai gidan kallon ƙwallo, ko shugaban ƙungiyar matasan gari, yakan ɗauki shatar mota ranar da Kano Pillars za ta buga a gida, ya kwashi 'yan kallo daga bakin kasuwa ya kai su filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ya kuma dawo da su a daren. Wannan sharhi a kan irin wannan mota yake. Hukuncina tun daga farko: ta fi shiga motar tasha sauƙi da kwanciyar hankali, kuma ta cancanci kuɗinta, amma fa sai in mai haɗa tafiyar ya riƙe lokacin tashi da tsarin dawowa. Duk wadda ta lalace, a ɗayan waɗannan biyun ta lalace.

Yadda ake yi ba wuya. Ana buɗe rubuta suna tun ranar Laraba, kowa ya ba da rabin kuɗin kujera a matsayin kafin alƙalami, a cika sauran ranar Juma'a da yamma ko Asabar. Masu wayo suna ɗora cikon a kan Juma'a domin ita ce ranar kasuwar Wudil, ranar da kuɗi ke hannun mutane. Kuɗin kujera kuwa lissafinsa a fili yake: a haɗa kuɗin shata da na abincin direba da ɗan abin da za a ba mai gadin mota, a raba da yawan kujeru. Daga bayan Wudil zuwa Kano da dawowa, ƙaramar bas ɗin nan da ake kira Homa, in tana cike da mutane, takan sha lita 15 zuwa 20, ya danganta da lafiyar inji da cunkoson birni, saboda haka kowa na iya ƙiyasta ko an yi masa adalci. Abin da ya kamata a tambaya tun ranar rubuta suna shi ne ko tikitin shiga fili yana cikin kuɗin. Galibi ba ya ciki, kuma rashin faɗin haka ƙarara shi ke kawo cacar baki a bakin ƙofa.

Motar da ta fi dacewa ita ce Homa mai kujera 18. Sharon ta fi gudu da laushin zama, amma mutum bakwai aka ƙera ta ta ɗauka, in aka cusa goma har da na but, ƙafar baya takan zauna, tayoyi su yi zafi. Inda masu shata ke kuskure shi ne ƙara benci a tsakiyar Homa don a sami kujera huɗu ta riba. Da rana ba a ganin illarsa. Da dare, bayan an sha ihu an gaji, mutum 22 a motar mutum 18 azaba ce, kuma birki ba ya kamawa yadda ya saba. Kafin ka biya, je ka ga motar da idonka. Duba safaya ko akwai iska a cikinta, da jak da sifanar taya, sa direba ya kunna fitila doguwa da gajeriya, ka leƙa ruwan lagireto. Fitilar nan ita ce kan gaba, domin tafiyar da rana ake yi, dawowar kuwa cikin duhu ne, a hanyar Maiduguri da ba ta rabuwa da manyan motoci. Direban gari wanda aka san gidansu ya fi baƙon da aka samo a tasha ranar, ko da nasa kuɗin ya ɗan ɗara.

Wasannin gasar ƙasa yawanci ƙarfe 4 na yamma ake take su, mafi yawa ranar Lahadi, wani lokaci Laraba. Wudil zuwa Kano kusan kilomita 40 ne, wanda a ido tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Wannan lissafin ne ke yaudarar mutane su ce a tashi bayan azahar. Kada a yarda. Daga Mariri zuwa Hotoro, a shigo gari har Ƙofar Nassarawa, sai ka ci lokacin da ya kai na hanyar gaba ɗaya, balle ranar babban wasa. Motar kirki tana barin gari ƙarfe 12, ta isa kafin 2, a yi azahar a birni, a ci abinci, a sayi tikiti tun layi bai yi tsawo ba, a shiga kafin 3. Wadda ta tsaya jiran mutum ɗaya da ya tafi gona ko ɗaurin aure, ta tashi 2 saura, to fasinjojinta a waje za su ji ihun ƙwallon farko. Mai haɗa tafiyar da ya iya aikinsa yakan faɗa tun farko cewa wanda ya makara kuɗinsa ya bi ruwa, kuma ya cika maganarsa ko da ƙanin mai gari ne.

Abin da ke sa hidimar nan ta wuce sufuri kawai shi ne mutanen da take ɗauka. A kowace mota ba a rasa dattijo biyu ko uku da suka san ƙwallon Kano tun kafin a haifi Pillars, tun zamanin Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978, lokacin da filin Sabon Gari ne matattarar masu kallo. Su ake ba kujerar gaba, yara na cewa Baba ga wurinka, kuma daga gadar Wudil har Hotoro hirarsu ake sha. A bakinsu matashi zai ji cewa a 1990 aka kafa Pillars, kuma filin Ƙofar Mata da yake gani ya tsufa ya karɓi duniya har sau uku: gasar matasa 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, gasar cin kofin Afirka ta 2000 da Najeriya ta shirya tare da Gana, inda Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso suka yi rukuninsu a Kano, sai kuma gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, wadda Sifaniya ta buga a nan. Masu matsakaicin shekaru kuwa 2009 ɗin ce tasu ta wata fuskar, shekarar da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tsayar da ita. Suna tuna Ahmed Musa yana yaro yana tsere wa 'yan baya a gefen fili, kakar da ya ci ƙwallo 18, da Gambo Muhammad, da Rabi'u Ali Pele da bugun tazararsa. Suna ƙirga kofunan 2008 da 2012 da 2013 da 2014 da yatsu, da shekaru goma sha biyun da aka yi ba a ci Pillars a gida ba a gasar ƙasa, har Nasarawa United ta karya abin a 2015. Wanda ya ji wannan a hanya, in ya shiga ya ji dubban mutane sun ɗauki Sai Masu Gida baki ɗaya, ya san ba bango da siminti ya zo gani ba. Gidan kallo na ƙauye ba ya iya ba da wannan, wasannin Ingila da Sifaniya ne suka cika allonsa, na gida sai dai a rediyo.

A cikin fili akwai abubuwan da mai haɗa tafiya nagari ke gaya wa mutanensa kafin su sauka. Ɓangaren da ba rumfa ya fi araha kuma can ne zafin goyon baya yake, amma awa biyu zuwa uku za a yi a rana, a watan Maris da Afrilu kuwa ba wasa ba ne ga dattijo ko yaro. Irin waɗannan a ƙara musu kuɗi su shiga rumfa. Kowa ya sha ruwa ya ƙoshi kafin shiga, ya riƙe hula ko ƙaramin tawul. Tikiti a saya a wurin sayarwa, ba a hannun mai zagayawa yana cewa saura biyu ba. Waya da kuɗi a aljihun gaba, musamman a matsin ƙofa. La'asar tana faɗowa daf da take wasa, don haka a shiga da alwala, a yi ta da zarar lokaci ya yi, domin hutun rabin lokaci minti 15 ne kacal kuma wurin ruwa ba ya isar jama'a. Rigar da za a sa, rawaya da kore ce ko kayan gida. Wanda ya ɗauko yaro ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya sa masa a aljihu.

Dawowa ita ce ke raba motar kirki da ta banza. Ana tashi wasa wajen ƙarfe 6, a lokacin sanyi magariba ta riga ta kawo kai, jama'a kuma suna fitowa lokaci guda su haɗu da masu tashi daga Kantin Kwari da 'yan adaidaita sahu. Layin waya yakan cushe a daidai wannan lokacin, kiran direba ba ya shiga. Motar da aka ajiye a bakin fili sai ta yi kusan awa ba ta motsa ba, in kuma an ajiye ta inda bai dace ba 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano, na iya kama ta, tafiyar mutum 18 ta tsaya a kan tara. Daidai shi ne a ajiye ta nesa kaɗan, tafiyar minti goma a ƙafa, a wurin da hancinta ke kallon hanyar fita, kuma a sauke mutane a nan ɗin tun da rana domin kowa ya gane wurin da idonsa. A yanka lokaci ɗaya, misali bayan sallar magariba da minti goma. A kira suna daga takarda, ba a ƙirga kai ba, domin ƙirgen kai ne ke sa a ɗauko baƙo a bar ɗan gari. Matsala mafi muni ita ce direban da ya ga awa huɗu na zaman banza ya ce bari ya yi lodi ɗaya zuwa Wudil ya dawo. Ba ya dawowa a kan lokaci. Maganinsa a riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shata sai an sauka a gida, kuma a saya masa tikiti ya shiga kallo tare da kowa.

Sai batun ɗage wasa. Yakan faru a canza rana, ko hukumar gasa ta ce a buga ba 'yan kallo, ko a mai da wasan gida wani gari, kamar lokacin da Pillars ta koma buga wasanninta a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Yawancin masu haɗa mota ba su da ƙa'ida a kan wannan, kuma nan ne na fi ganin gazawarsu. Ya kamata a tabbatar da wasa ta rediyo ko shafin ƙungiyar ranar Asabar da dare kafin a ba direba kuɗin mai, a kuma amince tun farko cewa in an fasa, kafin alƙalami zai koma hannun mai shi ko a ɗora shi a wasa na gaba, yadda ya zaɓa.

Ga mutum ɗaya mai ɗan'uwa a birni da zai kwana, motar tasha ta ishe shi. Ga dattijo, da wanda zai je karon farko, da uban da zai kai ɗansa, shatar ta fi, domin bayan isha'i samun motar da za ta wuce Wudil ta shiga ƙauye sai an yi sa'a, kuɗinta ma ya ninka. Waɗanda ke tasowa daga nesa kamar Haɗeja kuwa, su tashi da hantsi, su kuma nemi direba na biyu da zai karɓi tuƙin dare.