Tutoriyal ɗin Riyal Analisis na wajen Kabuga

Duk ɗan lissafi a jami'a ya san Riyal Analisis, wato kwas ɗin da ke bin tushen kalkulas da hujjoji, ba kalkulas ɗin sakandare ba ne, nan ba a tambayarka amsa, hujja ake nema, shi ya sa nake so in yi magana kan tutoriyal ɗin da wani malami ke yi bayan la'asar a wajen Kabuga.

Wallahi mutumin ya iya koyarwa. Bai fara da fomula ba, sai da ya nuna mana sukwaya rut na 2 (lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 2) ba zai taɓa zama firakshin (lamba bisa lamba, kamar 3/2) ba, wato akwai giɓi a tsakanin firakshin ɗin, kuma cike giɓin nan da masanin lissafi Dedekind ya yi a 1872 shi ne ginshiƙin da limit (inda lambobi ke dosa) da komai ke tsaye a kai. Da muka zo efsilon da delta kuwa, wato ƙananan tazarorin da ake auna kusanci da su a limit, sai ya mayar da shi kamar ciniki a Kantin Kwari, kai ka faɗi efsilon komai ƙanƙantarsa ni in kawo maka deltan da ya dace, nan take abin ya zauna min. Har fankishin Weierstrass ya zana mana, wanda ba ya yankewa ko'ina amma ba shi da diribatif (gangaren layin a daidai wani wuri) ko a waje ɗaya.

Matsalar dai ɗakin ya yi ƙanƙanta, in an ɗauke wuta zafi ba a magana, kuma ya yi sauri sosai a intigiral ɗin Riemann (hanyar lissafin girman filin da ke ƙarƙashin layi), abin ya dame ni don yana fitowa a jarrabawa. In za ka je ka riƙa yin asamen ɗin da kanka, yana kiran mutum gaban allo.